Yadda Na Kusa Raba Hansatu da Ɗiyarta

Akwai wata Laraba da har gobe ban manta da ita ba, ranar da shugabar sashenmu, Hajiya Balkisu, ta dawo mini da fayil ba ta sa hannu ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar jin daɗin jama'a a Talata Mafara, shekarata ta biyu a aiki, ina ji da kaina, gani nake duk ofishin babu wanda ya kai ni iya cike takarda.

Ku da kuka shigo aikin bana kun san ƙa'idar, amma bari in maimaita. Idan aka kawo mana maganar yaro, sai mu ziyarci gidan sau uku, mu rubuta abin da muka gani, sannan mu tsara taimakon da za a yi: wa zai riƙe shi, wa zai duba lafiyarsa, yaushe za mu koma. Tsarin ba ya aiki sai shugabar sashe ta sa hannu.

Fayil ɗin na wata yarinya ne, Rabi, 'yar shekara tara, daga wani ƙauye a yankin Maradun. 'Yan bindiga sun shiga garinsu da damina, suka kashe mahaifinta da kakarta, suka tafi da ita daji. Sai bayan wata biyu aka sako ta. Kafin nan mahaifiyarta, Hansatu, ta gudo Mafara, tana zaune gidan wan mijinta, Malam Garba, kuma nan aka kawo yarinyar. Tun da ta dawo ba ta ce uffan ba, ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Wuni take rakuɓe bayan randa.

Sau uku na je, sau uku Malam Garba ya shimfiɗa mana tabarma a zaure ya zauna gefe don karrama baƙuwa. Na tambayi Hansatu sunan ɗiyarta, ta sunkuyar da kai. Na ce yaya ta ji da aka dawo da ita, ta ce, "Mun gode Allah." Aka shigo da Rabi, uwar ta kau da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ofis na rubuta cewa uwa ta ƙi ɗiyarta, na ba da shawarar a kai yarinyar gidan marayu a birni. Don zumuɗi har na sa direba ya shirya mota.

Hajiya ta kira ni. "Saratu, wagga yarinya, ɗiyar Hansatu ta nawa ta?"

"Ta fari, Hajiya."

"Hannun wa take kafin a ɗauke ta?"

"Kakarta."

"Wa ke zaune wurin sadda kinka yi ma uwar tambayoyi?"

"Wan mijinta."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ke kuwa 'yar ina ta? Innarki ta taɓa kiran sunan babban yayanku gaban mutane?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "wancan" take ce wa yayanmu. A ƙauyukanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna tana sonsa a gaban jama'a, balle gaban dangin miji. Kaka ce ke reno. Na san wannan tun ina ƙarama, amma takardar ofis ba ta da gurbinsa, sai na bar shi a gida.

Hajiya ta ce, "Amma kada ki ɗauka shi ke nan komi lahiya. Yarinyar na bukatar hannu, kuma hannun da ta saba da shi yana cikin ƙasa. Koma ki samo mana wani."

Washegari da hantsi na koma, ban ɗauki fayil ba. Na bari Malam Garba ya fita gona, na shiga cikin gida. Na tarar da Hansatu tana tsintar shinkafa, na zauna na sa hannu. Mun daɗe muna gaisawa, muka ci gaba da tsinta. Ita ta fara magana.

"Malama, an ce za ki tahi da ita."

Na ce, "Ba inda za ni da ita. Kuskure na yi."

Ta ajiye faifai. "Ranar da anka kawo ta na so in rungume ta, sai na ga gida cike da dangin ubanta. Tun da na yaye ta Inna, kakarta, ke riƙonta. Yanzu in na matso, baƙuwa take gani. In na tsaya nesa, gani take ƙyamarta nika yi. Ni ban san ta ina zan biyo ba."

Na ce me marigayiyar ke yi mata da ta fi so. Ta ce kitso, duk Juma'a. Sai a lokacin na kalli kan Rabi da kyau. Kitson kakarta ne har yanzu a kanta, ya cukurkuɗe, ta hana kowa tsefe shi.

Daga nan sabon tsari ya fito. Da yamma na zauna da Malam Garba, na faɗa masa yadda muka yi. Ya ce, "Ashe ni na tare hanya ban sani ba." Ya kira Hansatu gaban matansa ya ce, "Kunya kin yi ta, kin cika. Inna ta tahi. Ba mai riƙon ɗiyar ƙanena sai ke, kuma ba mai yi maki dariya cikin gidanga." Muka amince kada kowa ya tambayi Rabi labarin daji, kuma ma'aikaciyar lafiya ce za ta zo gida, ba a kai ta asibiti cikin taro ba. Kitso kuwa ba dole. Duk Juma'a Hansatu za ta yi wa ƙanwar Rabi a tsakar gida, inda za ta iya gani. Wannan karon Hajiya ta sa hannu.

Juma'a uku Rabi na leƙowa daga bayan randa. Ta huɗu ina nan. Da aka gama wa ƙanwar, sai Rabi ta taso ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta, ta ba ta baya. Hansatu ta fara tsifa. Can sai muka ji wata 'yar murya a dishe: "Kina ja. Inna ba ta ja haka."

Hansatu ta goge ido da gefen zani, ta ce, "To, gwada mani yadda takan yi."

Ni dai fita na yi zaure na yi kukana.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa rasa hanyar kula da nasu, sai dai masifa ta toshe ta, kuma aikinmu mu gano inda ta toshe kafin mu kira mota. Rabi tana aji shida yanzu, surutu kamar an kunna rediyo. Har yau Hansatu ba ta kiran sunanta, ni kuma ban sake rubuta wannan a layin matsaloli ba.