Bel a Kan Wando Mai Tazuge

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da wandona ya nemi ya kunyata ni a filin harbi a Alƙahira ba.

Lokacin ina ɗan sanda matashi, an tura mu Masar kwas ɗin gadin manya. Ni kuwa ba yabon kai ba, hannuna ba ya kuskure. Da libarba muke atisaye, ƙaramar bindigar nan mai cin harsashi shida. Kowa yana da kubenta a bel, da 'yar jakar fata mai ɗauke da abin ɗura harsashi, wani ɗan dunƙule da ke riƙe shida a jere, ka zura su gaba ɗaya maimakon ɗai-ɗai.

Jarrabawar ƙarshe a kayan gida ake yin ta, domin haka mai gadin babba yake fita. Ka zaro, ka harba shida, ka ɗura, ka ƙara shida kafin a busa usur. Dama biyu ce kawai. Wanda ya faɗi duka, gida zai koma ba takarda, aikin da aka yi masa alkawari kuma a ba wani.

Abokan kwas duk suka sha kwat. Ni na ce Allah ya kiyaye, na zuba shaddata mai ruwan toka, kaftani da wando. Wandonmu kuwa kun san shi, tazuge ne, ba shi da madaukan zura bel. Sai kawai na ɗaura bel ɗin a kansa na ja ya matse, na ce ai shi ke nan.

Malaminmu, wani dattijon Bamisire mai furfurar gashin baki, ya dube ni sama da ƙasa. "Tamam, ya basha?" Wato ko komai daidai, yallaɓai. Na ce tamam.

Ana ba da alama na yaye kaftani na cafki bindiga, sai ta taso har da kuben, bel ɗin ya biyo su zuwa haƙarƙarina. Da ƙyar na fizge ta na harba shidan. Na kai hannu inda na bar jakar, wayam. Ashe bel ya juya, ta koma gadon bayana. Ina lalube murfinta ya buɗe, abin ɗurin ya faɗi a yashi. Kamar wannan bai isa ba, fizge-fizgen ya kwance tazugen. Hannu ɗaya na riƙe da bindiga tana kallon allon harbi, ɗayan yana riƙe da mutuncina.

Kowa ya fashe da dariya ban da malamin. "Khalas," in ji shi, wato shi ke nan. Ya karɓi bindigar, ya ce a hankali, "Da a titi ne, mutumin da ke bayanka ya mutu kana neman wando. Jibi ka zo da kwat."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Amma kwat ɗin ne na ƙi. Wanda zan yi wa gadi a gida masallaci zai je, ɗaurin aure zai je. Mai kwat a sahun Juma'a ai tun daga nesa an san ko wane ne.

Washegari na hau ƙaramar bas zuwa unguwar Faisal, wurin wani tsohon tela, Bahaushen Sudan. Bindiga tana ma'ajiya, kube da jakar da bel na haɗa da shaddar na kai masa, na ba shi labari. Sai da ya yi dariya har ya share hawaye.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana. Tazuge nauyin wando kawai ya sani, kai ka ɗora masa ƙarfe."

"Baba, a yi yadda za a yi, gobe ce damata ta ƙarshe."

Ya farke ƙugun wandon ya sa masa yadi mai tauri a ciki, ya ɗinka madaukai masu faɗi daidai bel ɗin. Biyu ya sa kube a tsakaninsu, biyu suka tsare jakar a gaba, inda hannu zai faɗa ba lalube. Ya ƙara tsagar kaftanin ta dama. Da na sa, bai bar ni na tafi ba.

"Tsuguna kamar za ka yi alwala. To, yi ruku'u. Yalla, yi tsalle!"

Ina tsalle a shago kamar ɗan akuya, masu wucewa suna leƙe, amma ko motsi kuben bai yi ba.

Da malamin ya sake ganina cikin kaftani sai ya ɗaure fuska. Ya matso ya kama bel ɗin ya fizga, ni na biyo hannunsa gaba ɗaya. Sai ya koma gefe. Na zaro, na harba, na ɗura, na ƙarasa sha biyu, sannan na tsaya ina jiran usur. Tsoro na ji a ranar, ba zan ɓoye ba.

Da zai miƙa mini takarda ya tambaya, "Telan nan naka, yana ɗinka wa Misirawa?"

Shekara da shekaru na yi ina gadin mutane cikin kaftani, kuma ban taɓa fita ba sai na tsuguna na yi tsalle a ɗaki. Na koyi cewa iya harbi ba ya ceton kowa idan abin da ka ɗaura a ƙugu ba ya nan inda ka bar shi.