Gungumen Inna da Baƙin Mai

Yayana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, kuma a ganinsa babu cutar da baƙin man inji ba ya warkarwa. Ƙofa ta yi ƙara, baƙin mai. Jaki ya yi gyambo, baƙin mai. Da za a biye masa, mai ciwon haƙori ma kurɓa zai yi.

Inna tana da gungumen saran nama, na kirya, wanda mahaifinta ya ba ta da ya bar fawa a Kelle. Shi kaɗai ne abin hannunsa da ya rage mata. Duk aikin da aka yi a kansa sai ta kankare shi da wuƙa, ta goge da gishiri, ta ajiye a inuwa. In ya bushe ta shafa masa man gyaɗa da tafin hannunta har ya ƙoshi. Duk zafin Gure bai taɓa tsagewa ba.

Ranar jajibirin layya ta tafi kasuwa, gwanin namu ya hango ƙasar gara a bangon madafa. A bango fa, ba a jikin gungumen ba. Ya ɗauko jarkar baƙin mai ya yi wa gungumen wanka sama da ƙasa, ya kai shi rana wai don ya sha da kyau. Na tarar da shi tsaye yana jiran yabo.

Da Inna ta dawo ya tare ta tun daga zaure. "Inna, na gama maki da gara har abada."

Ta duƙa ta sansana. "Ɗan nan, nama za mu sara a kai ko taya?"

"Ai wanki ɗaya ne ya fita."

Mun wanke da toka, mun wanke da omo. Washegari muka kai wa kafinta ya fere samansa, sai ga baƙin ya bi tsoffin sawun wuƙa ya shige ciki. Naman layyar bana a kan buhu muka sara shi, yashi na shiga. Ni kam haushi ya hana ni ci.

Yayana kuwa ko a jikinsa. Ya ce tunda gungumen ba ya da amfani a madafa, bari ya rage asara. Yanzu da shi yake tokare tayar kamiyonsa a bakin tasha, har yana yaba ƙarfinsa.

Inna ba ta ƙara yi masa maganar ba. Ta dai canja hanyar zuwa kasuwa, ga ciwon gwiwa, tana zagayawa ta bayan gari don kada ta ga gungumen a ƙarƙashin mota.