Ka Ba Ni Izini, Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan La'asar, mai ɗakinka ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce Allah ya karɓi abinsa. Ciwon zuciya ne, bai ba ka lokaci ba. Ni da na daɗe ina jiran nawa kiran, ga ni zaune ina rubuta ta'aziyyarka, Likita, kai da kake sa'an ɗan autana.

Lokacin da kuka tare a ɗakin da ke kallon nawa, ɓarin jikina na hagu ya shanye, matata ta rasu, 'ya'yana sun yi nisa. Ka gaya mini a ƙasar da ka baro kai likitan gashi ne, mai motsa gaɓoɓin da suka sandare har su dawo aiki. A nan kuwa takardunka ba su wadatar ba, sai ka sake jarrabawa kafin a ba ka lasisi. Aikin da ka samu kafin nan shi ne tura keken marasa lafiya a asibiti. Kullum kana kai mutane har ƙofar sashen gashi, ka miƙa su, ka juya.

Na roƙe ka ka gwada mini hannun nan. Ka ce, "Baba, in na yi maka magani ba lasisi, an rufe mini ƙofar ke nan har abada." Na ce likitan da ba ya taɓa mutum ai hoton bango ne. Ka yi dariya, amma ba ka taɓa ba.

Jarrabawar rubutu ba ta ba ka wuya ba. Ta aiki ce ta kayar da kai. An kawo wani yana kwaikwayon mai ciwon kafaɗa, kai kuwa ka kama kafaɗar ka shiga aiki, kamar yadda ka saba a gida, inda mara lafiya in ya kwanta a gabanka ya riga ya miƙa maka jikinsa. Masu jarrabawa suka ce ba ka nemi izininsa ba, ba ka kuma faɗa masa abin da za ka yi ba. Dama ɗaya ta rage maka. In ka sake faɗuwa, kai da tura keke sai tsufa.

Sai ga ka da yamma, ko kayan aiki ba ka tuɓe ba. "Baba, ara mini hannunka mai lafiya." Haka muka buɗe makaranta a ɗakina. Duk lokacin da hannunka ya riga bakinka, sai in buga sanda a ƙasa, mu koma farko. Wata rana ka nemi izini tiryan-tiryan, na ce ban yarda ba, don in ga yadda za ka yi. Mai ɗakinka daga bakin ƙofa ta ce, "Haba Baba, ka tausaya masa mana." Na ce, "Su can tausaya masa za su yi?" Kafin ka fita kuwa sai ka dubi hannuna na hagu ka ce, "Kai kuma ka jira ni."

Ka ci jarrabawar. Ka yi ta yawon neman aiki, ana ce maka ba ka taɓa yi a ƙasar nan ba, har wani ƙaramin asibiti ya ɗauke ka gwaji, daga baya ya riƙe ka. Ranar da aka tura ni wurinka, ka shigo da farar riga, ka tsaya kamar ba ka san ni ba, ka ce, "Baba, ka ba ni izini in taɓa hannunka na hagu?" Na ce, "Ja'iri, tun yaushe yake jiranka?" Hannun nan ne ya danne mini takardar da nake rubutu a kanta yanzu. Ban haife ka ba, amma ba wanda na yi alfahari da shi kamar kai.

Da aka zo wankanka, liman ya tambaya ko kana da namiji na jiki a nan. Mai ɗakinka ta ce, "Ga babansa." Na ɗauki buta da hannun hagu, bai yi rawa ba. Kafin in kai hannu jikinka na sunkuya na ce, "Ɗana, ka ba ni izini? Wanka za mu yi maka, a hankali za mu bi." Na ɗan jira, kamar yadda kake jira, sannan na fara.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa kowace gaɓa da ka tayar ta shaide ka ranar gobe. Ke kuma mai ɗakinsa, 'yata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya muku yaran da ya bari, ya sanyaya zukatan dangi na can gida. Ƙofata dai tana nan inda kuka san ta.