Yankan Matar Layi-Ɗaya

A ofishin da yake rubuta manhajar kwamfuta, Layi-Ɗaya ake kiransa, kuma wallahi sunan ya bi shi. Abin da wani zai cika shafi da shi, shi sai ya dunƙule a layi guda. A sana'arsu, in ka rubuta ɗan umarnin da zai yi wani aiki, kana iya raɗa masa suna don na bayanka ya gane, kana kuma iya jefa shi haka nan ba suna. Shi na biyun ya riƙe, yana cusa wani cikin wani. In abokan aiki sun yi ƙorafi, sai ya ce ai kwamfuta ta gane, su ne dai ba sa ja. Mutumin akwai kai, akwai kuma taurin kai.

Matarsa tela ce, gwanar yanka. Rigarta ba ta cin hammata, ba ta shaƙe wuya. Wata da watanni yana zama a shagonta, tana gaya masa inda take ƙari da inda take ragi, yana zubawa a manhaja: a sa awon mutum, ta fitar da yadda za a yanka. Da ta ji yadda yake rubutun, ta ce ita ko ƙyalle aka kawo sai ta manna sunan mai shi. Ya yi dariya ya ce komai yana kansa.

Bayan rasuwarta 'yarsu ta riƙe shagon, manhajar na yanka kamar uwar na raye. Don wannan yankan mutane ke dawowa. Shi kuwa tsufa ya zo, ido ya tafi.

Da tsohuwar kwamfutar ta mutu aka mayar da manhajar kan sabuwa, sai ta ƙi aiki. Kwamfutar ta ce akwai kuskure a wani umarni marar suna. To wanne? Duk haka suke. Mai gyaran da aka kira ta duba, ta ce sai dai a sake rubutawa, amma fa sai an gaya mata lissafin da ke na wuya da wanda ke na hannu.

Aka zaunar da shi kusa da keken ɗinki, 'yar na karanta masa layin a hankali.

"Baba, wannan biyu da rabin, na kafaɗa ne ko na hammata?"

Ya tuna ranar sarai. Matarsa na tsaye da tef a wuya tana bayani, shi hankalinsa na kan yadda zai ƙara gajarta layin. Takaici ya cika shi.

"Ban sani ba. Mamanki ce ta sani."

Aka rubuta sabuwa da kintace. Yana zaune a bakin shagon wata tsohuwar mai kawo ɗinki ta dawo da riga, ta ce ba faɗa ta zo yi ba, amma rigar na cin ta a hammata.