Mai Riƙe Igiyar Baya

Kakata, Hajiya Ladi, wake da shinkafa take sayarwa a bakin titin Nima, unguwarmu ta Zango, kuma tun da magariba take ɗora tukunyar gobe. Mu jikoki mu kewaye murhu muna tsince tsakuwa daga wake, ita tana fifita gawayi. Ba ruwanta da Gizo da Ƙoƙi. Ɗiyar mahauta ce, labaranta duk jini ne. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya ta ce, "Ga ta nan tafe, mai tsoro ya koma wajen uwarsa." Sannan ta harare ni. "Da kai nake, mijina ragon maza."

Wanda ya fi zama a raina shi ne na 'ya'yan wani sarkin fawa, wa da ƙane. Ranar jajibirin salla mahauta kan yi hawan ƙaho. A ɗaure bijimi da igiya biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya. Wan ne ke faɗawa tsakanin ƙahoni ya rungume wuyan sa, makaɗa suna zuba masa kirari. Ƙanen kuwa yana can baya riƙe da igiyar ƙafa, duk sanda sa ya yunƙura sai ya fizge ta, ƙafa ta zame. Shekara bakwai kalangu bai taɓa kiran sunansa ba.

Wata shekara 'yan mata suka sa shi a gaba. "Namiji yana kan ƙaho, mace tana bayan sa tana shaƙar kashi!" Fili ya kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe shi, ya miƙa wa wani ɗan kallo igiyar, ya zagaya gaba don a gan shi. Sa ya ji ƙafarsa ta saku. Ya ɗaga wan sama, ƙaho ya shiga ta ciki ya ɓullo ta baya, ya yi ta jijjiga shi har hanji ya zubo ƙasa, sannan ya yar da shi ya tattake kansa.

"Kaka, an kashe san?"

"An yanka, an ci. Shi me ya sani? Kai, ɗauke fuskarka, kar ka zuba mini hawaye a wake."

A shekarun casa'in na samu aiki a wani kamfanin manyan motoci a unguwar Adabraka. Aikina duba mota kafin ta tashi, in ban sa hannu ba ba ta fita. Manajanmu mai buga tebur ne, ya taɓa marin akawu a gaban kowa, kuma a ofishin nan wannan ake kira iya aiki. Wata safiya na hana wata tirela tafiya Kumasi saboda birkinta na zubar da iska. Manaja ya kira ni gaban manya, ya cakumi wuyan rigata.

"Kai namiji ne kuwa? A sayo wa malamin Zango zane ya ɗaura!"

Suka bushe da dariya, har masinja. Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni tsakiyar kasuwa. Na tuna da Kaka, sarai na tuna, ba zan yi ƙarya ba. Amma na fizgi biro na sa hannu. Manaja ya daki kafaɗata ya ce yanzu na zama mutum.

Direban tirelar, Isiyaka, maƙwabcinmu ne a unguwar Mamobi. A gangaren Nkawkaw, kan hanyar Kumasi, birki ya ƙi. Sitiyari ya farfasa masa ƙirji, sai da aka yanka ƙarfe aka ciro shi. Ni na je na ɗauko gawar, ni na riƙe buta aka yi masa wanka.

Ina yaro na ɗauka ƙanen nan wawa ne, wa zai bar ran ɗan'uwansa saboda dariyar 'yan mata? Ashe dariya ta fi mari zafi, ni ko minti biyar ban jure ta ba. Kamfanin bai ce komai ba, ƙarshen shekara ma aka ƙara mini girma.

Matar Isiyaka ba ta san hannun wa ke kan takardar ba. Har yau in mun haɗu a lungu sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam Bashiru, Allah ya saka maka abin da ka yi wa mijina."