Ƙarfen Ƙafar Malam da Rijiyar Gangara

Shekara arba'in ke nan da rijiyar Gangara ta ci maigidana, Malam. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, in na yi kuka ta dakata.

Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana yaro. Bayan babban fari aka kai shi Damagaram, aka ɗaura masa ƙarfe daga cinya har diddige, da sakata a gwiwa. In ta kulle, ƙafa ta miƙe kamar taɓarya. In zai zauna sai an zare ta da hannu. Shi kuwa hannuwansa ba sa rabuwa da igiya, don aikinsa tarbar wasaki, wato babban gugan fata, a bakin rijiya, raƙumi na ja, yana shayar da garken Bugaje da Fulani.

Ni ce mai zare sakatar. Ba ya faɗa mini. Kafaɗarsa ta dama nake kallo: in ta ɗan sauka, na san gwiwa na son lanƙwasa, sai in duƙa. Matan gari suna mini dariya, wai na auri ƙarfe. Shi ya kan ce, "Ƙyale su, Gambo, ƙarfen kurma ne, ke ce kunnensa."

Ranar da abin ya faru ina ɗaki ina jego. Raƙumi ya firgita, igiya ta dawo da gudu ta naɗe shi. Da mai ƙafa biyu ne, da ya durƙusa ya tsira. Tasa ba ta lanƙwasu ba, igiya ta ja shi cikin rijiya. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na sani, amma har yau ban iya kallon bakin rijiya.

Yanzu jikanmu Habu, magidanci mai 'ya'ya da ya gaji aikin rijiya, babur ya lalata masa ƙafa. Likitocin Yamai sun sa masa wani sabon ƙarfe na gwaji mai batir. Wai akwai 'yan abubuwa a jikinsa masu jin motsin cinya, su gane mutum zai taka ko zai zauna, su saki gwiwa da kansu. Da Malam na nan, ya shafa shi ya yi ta mamaki, sannan ya tambaya: ya san rairayi? Ya san raƙumin da ya ga maciji? Ni ma sai da na shekara ina kuskure kafin na karanci kafaɗar mutum ɗaya.

Na ce wa Habu ya zauna kasuwa ya sayar da goro. Ya ce, "Kaka, wannan ya fi ki ji." Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi; ya ce tsoron nawa ne.

Malam bai bar gona ba, bai bar garke ba. Taurin kai ya bari, da ƙin zama a ciyar da shi, kuma duk sun sauka a kan Habu. Habu ya ce ran da dabbobi suka dawo daga arewa zai koma bakin rijiya. Allah Ya ji ƙan Malam. Jiya aka ce garken farko ya iso Tarka, nan kusa da mu.