Katakon da Kawu Garba Bai Gama Kafawa Ba

Muna cikin darasi aka leƙo aji aka ce ana kirana a ofishin shugabar makaranta. Da na je sai na tarar da Malam Tanimu, maƙwabcinmu na Rogo, tsaye a bakin ƙofa, babur ɗinsa a gindin darbejiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni karatu, ya sake tambayata karatu. Sannan ya ce, "Innarku ce ta ce ki zo. Kawunki Garba ne ba ya jin daɗi."

Ban yarda da shi ba. Ba a ɗauko ɗaliba daga makarantar kwana don wani ba ya jin daɗi, kuma mai ciwo a gidanmu mahaifina ne, wanda ɓarin jikinsa ya shanye tun bara. Na ɗauka Baba ne ya rasu ake ɓoye mini. Tun daga Ƙaraye, inda makarantarmu take, nake kuka a bayan babur, Baba nake yi wa kuka. Sai da muka shiga Rogo na ga Malam Tanimu ya wuce kwanar gidanmu bai ko rage gudu ba, ya miƙi hanyar Beli, garin su Kawu, sannan na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko da muka isa an riga an dawo daga maƙabarta.

Kawu Garba ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafinta ne, rumfarsa tana ƙofar gidansa a Beli, kuma yana noman gyaɗa da dawa kamar kowa. Ciwon ciki ne ya kama shi, bai daɗe yana jinya ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata ɗaya, Inna Hajara, da yara ƙanana. Ba ni ce ya kamata in yi magana a kansa ba, akwai manya da suka fi ni saninsa. Amma tun da ya rasu na kasa zama wuri ɗaya, kuma akwai abin da na gani a ɗakin mahaifina da nake so waɗanda suka zo mana gaisuwa su sani.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ya san ni da kunya. Idan zai yi mini magana ba ya kallona, aikinsa yake kallo, kuma in ban amsa ba sai ya amsa wa kansa da ƙaramar murya kamar tawa, har sai na yi dariya. Shi ya yi mini akwatin da na tafi da shi makaranta. Ba zan ce ba shi da aibu ba. Mai surutu ne, kuma mutanen Beli sun san in ya ce ƙofarka za ta fito ranar kasuwa, to ka ƙara masa wata kasuwar. Amma ban taɓa jin wanda ya dawo masa da aiki ba.

Kafin Baba ya kwanta ya fara gyaran gidanmu. An cire rufin ɗakin Inna za a sa kwano, an fitar da kayanta tsakar gida an lulluɓe da tabarmi, an tara yashi a ƙofar gida. Ana cikin haka ciwon ya same shi, aiki ya tsaya cak. A ɗakin Baba akwai wata gajeruwar katanga da ta raba gadonsa da wurin zaman baƙi. Tsayinta bai wuce ƙugun babban mutum ba, ta taso daga gefen gado ta miƙe har kusa da ƙofa. An riga an farfasa tsohon simintin da ke samanta za a sake, sai aka bar ta haka, duk kaushi da tsini. Da aka sallamo Baba daga asibiti, likita ya ce lallai ya riƙa tashi yana takawa, in ba haka ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Ya gwada dafa katangar nan da hannunsa mai lafiya, simintin ya yanke masa tafin hannu, ya koma ya kwanta. Daga nan bai sake gwadawa ba.

Mutane sun yi mana kirki. Kullum ɗakin cike yake da masu dubiya, kowa ya durƙusa ya ce, "Sannu Alhaji, Allah ya ba da lafiya, kada ka motsa." Baba mutum ne da ya saba tsayawa a kasuwar hatsi yana ba da umarni, sai ga shi ana juya shi ana ba shi kunu a baki. Harshensa ya yi nauyi, don haka ya daina magana.

Mutum ɗaya ne bai ce masa sannu ba. Kowa ya san akwai wasa tsakanin miji da ƙanin matarsa, kuma Kawu bai ga dalilin da ciwo zai hana shi haƙƙinsa ba. Ina gida hutu ranar da ya jingine kekensa ya shigo da sallama, ɗakin da mutane.

"Ina angon Yaya? Har yanzu ana kwance ana cin gumin mata?" Ya tsaya a kan Baba. "Alhaji, mu fa mata muka ba ka, ba mai jinya ba. In ka gaji ka faɗa, in kawo amalanke in kwashe 'yar'uwata da kayanta, da ma ga su nan a tsakar gida."

Gwaggo, yayar Baba, ta haɗe rai ta ce, "Garba, ka ji tsoron Allah, ba ka ga halin da yake ciki ba?"

Sai muka ga bakin Baba yana motsi. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. Ya ce, "Ɗan ƙauye."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Bakin zagi dai bai shanye ba."

A waje na ji yana ce wa Gwaggo, a hankali, ba da wasa ba, "Sannu tana da daɗi, Gwaggo, amma kwantar da mutum take yi. Ku ku yi ta yi masa, ni ku bar ni da nawa."

A ranar ya duba katangar, ya shafa samanta, ya ce siminti ba zai yi ba, katako zai ɗora. Da ya dawo sai ya zo da guntun katakon maɗaci a bayan keke, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Ya huda saman katangar, ya cusa ƙananan turakun itace a cikin ramukan, ya ɗora katakon ya buga ƙusa a cikinsu. Ya nutsar da kan kowace ƙusa don kada ta kama fata. Gefen katakon kuwa ya riga ya kashe masa kaifi, ya zagaye shi daidai yadda yatsu za su riƙe. Ya goge da samfefa har ya yi sumul, ya shafa mai, sannan ya ce in rufe ido in bi da tafin hannuna. "Ido yana yafe wa kafinta, Uwata," in ji shi, "tafin hannu ba ya yafewa."

Da ya gama sai ya koma ƙarshen katakon ya zauna a kan buhu.

"Alhaji, taso ka duba mini nan wurin. Kai ne mai gida, kada gobe ka ce na cuce ka."

Baba ya ce, "Kawo in gani."

"Katangar zan ciro in kawo maka?"

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Baba ya yi gumi, ya zagi Beli da mutanenta, ya miƙe yana fuskantar katangar, ya riƙe katakon, ya ja ƙafarsa gefe-gefe har ya isa inda Kawu yake. Ya shafa wurin ya ce aikin banza ne. Kawu ya ce ya gode, da ma ba a taɓa yabon aikin kyauta ba. Inna tana bakin ƙofa, ta juya da sauri ta koma madafa.

Haka aikin ya ci gaba. Kawu ya zo da guntu ɗaya, ya kafa, ya ɓace. Baba ya yi ta kai da komowa a kan abin da aka kafa, har ya fara tsayawa a ƙarshensa yana faɗa cewa kafintan ƙauye ya bar shi a hanya. Sai ka ga Kawu ya ɓullo da wani guntun. Inna kuwa abin ya ishe ta. Damina tana matsowa, ɗakinta ba rufi, kayanta a waje, ga ƙaninta ya kasa gama 'yar katanga.

"Garba, wai wannan aiki sai yaushe? Katakon ne ake haƙowa daga rijiya?"

"Ana kai, Yaya."

"Tun kana yaro haka kake. Ba ka taɓa fara abu ka gama ba."

Ya yi dariya ya ce a dama masa fura. Na koma makaranta katakon ya wuce rabin katangar. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, yana ɗaure zartonsa a bayan keke.

Da aka gaya wa Baba rasuwar, an ce ya juya fuskarsa bango. Ni na koma Rogo don in taya Gwaggo kula da shi, Inna ta zauna a Beli wurin makoki. Baba ya daina tashi. Masu ta'aziyya suka haɗu da masu dubiya, sannu ta ninku. Na riƙa shiga ɗakin ina fita ba tare da abin da zan yi ba. In ɗauki littafi in ajiye, in share tsakar gida da na riga na share, in leƙa in ga ko ya motsa. Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Ƙafarsa ta fara kumbura kamar da. Na san abin da ya kamata a ce masa, amma ni 'yar fari ce, ko sunana Baba ba ya faɗa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kuma duk gidan babu mai ikon yi masa irin maganar Kawu.

Bayan sadakar bakwai Inna ta dawo, da wani ɗauri da aka sauke mata daga saman mota. Inna Hajara ce ta nuna mata shi a cikin rumfar Kawu, a ƙarƙashin buhu. Sauran katakon ne gaba ɗaya, an yanka shi guntu-guntu, kowanne an kashe masa kaifi, an goge, an shafa mai, har ƙura ta kwanta a kansa. Inna Hajara ta ce tun makon farko ya gama su duka. In ta tambaye shi me ya hana shi kaiwa, sai ya ce in Alhaji ya ga katako har ƙofa zai ga nisa ya karaya, gara ya riƙa ganin ƙarshen a kusa.

Inna ba mai ɗaga murya ba ce, kuma ban taɓa jin ta mai da wa Baba magana ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗakin da ɗaurin, ta sauke shi a gaban gado.

"Malam, ga aikin Garba. Na yi ta zaginsa a kan lalaci, ashe kai yake jira." Ta nuna ɗaurin. "Ya taka keke daga Beli a cikin rana don ka taka ƙasa. Yanzu shi an kwantar da shi, ba zai tashi ba. Kai me ya kwantar da kai? Ga marayunsa can, kowa ya je ya dafa kansu ban da kai."

Inna ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Sai Baba ya juyo, ya laluba katakon, ya miƙe. Na matsa zan riƙe shi, ya girgiza kai. Ya ja ƙafar nan da ta kumbura, yana tsayawa yana numfashi, har ya isa inda katakon ya ƙare siminti mai kaushi ya fara. A nan ya tsaya, hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

Ya ce, "A kira kafinta. Guda ɗaya zai kafa. Sauran a ajiye." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Da ƙafata zan fita in shiga mota. Zan je in yi wa Hajara gaisuwa."

Har yau bai kai ƙofar ba. Na koma makaranta, amma hankalina yana ɗakin nan, kuma duk wanda ya zo daga Rogo abin da nake fara tambayarsa shi ne inda katakon ya kai.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Garba, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya sauƙaƙa wa wani tafiya a duniya, ka sauƙaƙa masa tasa ranar tsayuwa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Hajara haƙuri da juriya, ka raya abin da ya bari cikin imani, ka zama gatansu. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyata, ka ƙarfafa ƙafar mahaifina har ya je ya dafa kan marayun nan. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da kyau da imani. Amin.